Yadda ake shiga da fita a asusun ETF mai ninki na kamfanonin mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira

Ranar Litinin 27 ga Janairun 2025, hannun jarin kamfanin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari a wuni guda. Wani kamfanin China mai suna DeepSeek ne ya fito da manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, masu zuba jari suka tsorata, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600 kafin a tashi kasuwa. Wanda ke riƙe da hannun jarin kai tsaye ya ji jiki. Amma wanda ya sayi NVDL, asusun da ke ninka motsin Nvidia sau biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ne ya tafi kafin ya kwanta barci a daren nan.

Irin wannan asusu za mu bi daki-daki. Tun daga farko ka riƙe abu ɗaya: kayan gwari ne, ba hatsi ba. Wanda ya saro tumatir ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, ba ya kai shi rumbu ya ce sai bazara. Yawancin waɗanda suka ƙone a asusu mai ninki ba hasashensu ne ya kuskure ba. Ajiye shi suka yi.

Mataki na farko: san abin da ake sayar maka

ETF kwando ne da aka zuba hannayen jarin kamfanoni da yawa a ciki, aka yanka shi ƙanana ana sayarwa a kasuwar hannun jari kamar na kamfani guda. A fannin mutum-mutumi, ɗaya daga cikin sanannun kwanduna shi ne BOTZ na kamfanin Global X, wanda aka buɗe a 2016. Yana bin wani ma'auni, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin rukunin kamfanoni a dunƙule, da kamfanin Indxx ke tsarawa. A cikinsa za ka tarar da Nvidia mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori, da Intuitive Surgical mai na'urar tiyata ta da Vinci, da ABB na Suwizalan, da manyan kamfanonin Japan irin su Fanuc da Keyence da Yaskawa masu ƙera injinan da ke aiki a masana'antu. BOTZ ba shi da ninki. Ma'auni ya hau da kashi 1, shi ma ya hau da kusan kashi 1.

Mai ninkin wannan ma'auni shi ne UBOT na kamfanin Direxion. An buɗe shi a 2018 yana ninka sau uku, daga baya aka rage shi zuwa sau biyu. A 2024 kamfanin ya ƙara fito da AIBU da AIBD na ɓangaren ƙirƙirarriyar basira da manyan rumbunan bayanai, ɗaya na cin riba idan kasuwa ta hau, ɗaya idan ta sauka. Akwai kuma SOXL, mai ninka kamfanonin ƙera ƙwaƙwalwar na'urori sau uku, sai masu ninka kamfani guda tal irin NVDL, waɗanda suka fara bayyana a Amurka a 2022.

Ka koyi karanta sunan, domin rabin bayanin yana nan. Bull na nufin asusun yana tafiya tare da kasuwa, Bear na nufin yana tafiya akasinta. 2X ko 3X shi ne yawan ninkin. Kalmar da mutane ke tsallakewa ita ce Daily, wato kullum. Alƙawarin da kamfanin ya yi maka na wuni ɗaya ne kacal: daga tashin kasuwar jiya zuwa tashin ta yau. Bai ce zai ninka maka motsin wata ba, bare na shekara.

Ta ina ninkin ke fitowa? Asusun yana ƙulla yarjejeniya da manyan bankuna. Banki ya ɗauki nauyin biyansa duk ribar da ma'auni ya samar a kan wani adadin kuɗi, shi kuma asusun ya biya bankin kuɗin ruwa a kan wannan adadi, ya kuma ɗauki asarar idan an faɗi. A taƙaice, kai ka kawo dala 100, ana yi maka kasuwancin dala 200.

Mataki na biyu: ɗauki biro ka yi lissafin da hannunka

Nan ne gaɓar da ba a tsallakewa, kuma ni a ganina wanda ya ƙi yin wannan lissafi bai cancanci danna maɓallin saye ba.

Ce ma'auni yana kan 100, asusu mai ninki biyu shi ma 100. Ranar farko ma'auni ya hau da kashi 10, ya koma 110. Asusu ya hau da kashi 20, ya koma 120. Rana ta biyu ma'auni ya sauka da kashi 10, ya koma 99. Asusu ya sauka da kashi 20 na 120, wato 24, ya koma 96. Ma'auni ya rasa 1, kai ka rasa 4, ba 2 ba. Da mai ninki uku ne, 130 zai kai sannan ya faɗo 91.

Yanzu maimaita wannan hawa da sauka sau biyar, kwana goma ke nan. Ma'auni yana wajen 95. Mai ninki biyu yana ƙasa da 82. Mai ninki uku ya gangaro 62. Kasuwa kusan tana inda take, kuɗinka kuwa ya zagwanye kamar gishiri a damina. Na zaɓi kashi 10 ne don abin ya fito fili. A zahiri motsin yau da kullum bai kai haka ba, sai dai cin yana nan, a hankali yake yi.

Dalilin yana cikin abin da manajan asusun ke yi dab da tashi kasuwa kowace rana. A misalinmu, bayan ranar farko dukiyar asusun ta zama 120, kasuwancin da yake riƙe da shi ya zama 220. Don gobe ta kasance ninki biyu cif, dole ya riƙe 240, sai ya ƙaro na 20 a farashin da ya riga ya hau. Ranar da aka faɗi kuma dole ya rage, ya sayar a farashin da ya riga ya karye. Wato tsarin da kansa yana tilasta masa saye da tsada, sayarwa da araha, duk lokacin da kasuwa ke kai-komo.

Don adalci, abin yana juyawa ya zama alheri idan kasuwa ta miƙe hanya ɗaya. Kwana uku a jere ana hawa da kashi 5, ma'auni ya ci kusan 15.8, mai ninki biyu ya ci 33.1, ya zarce ninki biyun ma. Wannan ne hoton da ake yawo da shi a Facebook da Telegram. Ba a nuna maka na 2022. A shekarar nan ma'aunin Nasdaq-100, na manyan kamfanoni ɗari a kasuwar Nasdaq ta Amurka, ya faɗi da kusan kashi 33, TQQQ mai ninka shi sau uku ya faɗi da kusan 79. SOXL ya zubar da wajen kashi 85. BOTZ da ba shi da ninki ko kaɗan ya rasa fiye da kashi 40, to ka ƙiyasta halin mai ninkinsa.

Lissafi na ƙarshe shi ne na farfaɗowa. Wanda ya rasa rabi sai ya ci kashi 100 kafin ya dawo uwar kuɗinsa. Wanda ya rasa 79 yana buƙatar kusan 376. Wanda ya rasa 85, kusan 567. Shi ya sa tun a 2009 hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka ta gargaɗi dillalai cewa irin waɗannan asusu galibi ba su dace da ƙaramin mai zuba jari da ke shirin riƙe su fiye da wuni guda ba.

Mataki na uku: warware batun halacci kafin kuɗi ya bar hannunka

Ga mai karatu Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma dillali ba zai tayar maka da ita ba. Ninkin yana tsaye ne a kan yarjejeniyar da ake biyan kuɗin ruwa a cikinta, kuma abin da ake musaya ba hannun jari ba ne na haƙiƙa, bambancin lambobin ma'auni ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa saye da sayar da ma'auni bai halatta ba. Ƙa'idojin AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, su ma ba su amince da irin waɗannan yarjejeniyoyi ba. Saboda haka ko da kamfanonin da ke cikin kwandon sun tsallake tantancewar shari'a, tsarin ninkin kansa matsala ce daban.

Wanda fannin fasahar ne ke jan hankalinsa ba ninkin ba, yana da hanya: ya sayi hannun jarin kamfanin kai tsaye bayan tantancewa, ko ya duba kwandunan da aka tace irin SPUS da HLAL, waɗanda manyan kamfanonin fasaha suka yi yawa a cikinsu. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi ta zamani bayanin yadda asusun ke aiki, ba sunansa kawai ba. Idan amsar ta tsayar da kai a nan, ka huta da sauran matakan.

Mataki na huɗu: dillali da takardu

Waɗannan asusu a kasuwannin New York ake cinikinsu, da dala. Daga Najeriya ana shiga ta manhajojin waya da ke haɗa mutum da dillali a Amurka, ko ta buɗe asusu kai tsaye da dillalin ƙetare. Abu uku za ka tabbatar. Manhajar tana da rajista da hukumar SEC ta Najeriya mai kula da kasuwar hannun jari, ka duba sunanta a shafin hukumar da idonka. Dillalin Amurkan da ke riƙe da jarin mamba ne na SIPC, wadda ke kare dukiyar abokin ciniki har dala 500,000 idan dillalin ya durƙushe. Ba ta biyan asarar faɗuwar farashi ko sisi. Na uku, manhajar tana ba da damar sayen asusu mai ninki, don wasu sun toshe shi, wasu kuma sai ka sa hannu cewa ka fahimci haɗarin. 'Yan'uwa mazauna Turai su sani dokar can ta hana dillalai sayar wa ƙananan masu zuba jari yawancin ETF na Amurka.

Za a nemi katin shaida, da BVN ko NIN, da shaidar adireshi. Za ka kuma cike fom ɗin W-8BEN da ke nuna kai ba ɗan Amurka ba ne. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 daga rabon ribar da kamfanoni ke biya kafin ya iso gare ka. Harajin gida kuma yana nan yana jiranka, ka tambayi akanta.

Sai batun canji. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, daga wajen 460 a dala ɗaya a hukumance, ta zarce 1,500 a 2024. A irin wannan yanayi mutum na iya tafka asara da dala amma lissafin naira ya nuna masa riba, ya yi ta murna a banza. Ka riƙa ajiye lissafi biyu. Na Nijar da ke da sefa, kuɗinsa a ɗaure yake da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka motsin yuro da dala ne zai shafe shi.

Mataki na biyar: leƙa cikin kwandon

Shiga shafin kamfanin da ya kafa asusun, ba shafin masu talla ba. Duba manyan kamfanoni goma da nauyin kowanne. A kwandunan mutum-mutumi, kamfanoni ƙalilan ne ke ɗauke da kaso mai tsoka, don haka rahoton kamfani ɗaya na iya jijjiga kwandon duka. Wanda kuma ya sayi UBOT yana zaton ƙirƙirarriyar basira zalla ya saya zai sha mamaki: akwai masana'antun Japan da yawa a ciki, kuma waɗannan darajar kuɗin yen da odar injina daga masana'antun China ne ke motsa su. Kasuwar Tokyo tana ci ne lokacin da New York ke barci, sai ka wayi gari farashi ya yi tsalle tun kafin a buɗe.

Duba kuɗin kula da asusu. Na BOTZ kashi 0.68 ne a shekara. Masu ninki sukan kai wajen kashi 1 ko su haura, ban da kuɗin ruwan yarjejeniyar, wanda ba a rubuta shi cikin wannan adadi, ana zare shi ne daga ribar a ɓoye. Sannan duba girman asusun da yawan cinikin da ake yi a rana. SOXL kasuwa ce mai cike da jama'a. UBOT ƙaramin asusu ne idan aka gwada su, kuma ƙaramin asusu yana da illa biyu: tazarar farashi mai faɗi, da yiwuwar kamfani ya rufe shi ya mayar maka da abin da ya saura a lokacin da ba ka zaɓa ba.

Mataki na shida: rubuta hanyar fita kafin ka shiga

Fara da tambayar nawa za ka iya rasawa ba tare da tukunyar gida ta girgiza ba. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, kuɗin adashi, bashi, jarin wani da aka ba ka amana, duk ba sa shiga nan.

Ga yadda ake fitar da adadin. Ce duk jarinka dala 2,000 ne, ka yanke cewa ba za ka yarda ka rasa fiye da kashi 1 a ciniki ɗaya ba, dala 20 ke nan. Ka kuma yanke cewa idan asusun ya faɗi da kashi 10 za ka fita. To abin da za ka saya na dala 200 ne, don kashi 10 na 200 shi ne 20. Ka tuna faɗuwar kashi 10 a mai ninki biyu faɗuwar kashi 5 ce kawai a ma'auni, abin da kan faru cikin kwana biyu ko uku a wannan fanni.

A takarda, rubuta abu huɗu: dalilin shiga, farashin da za ka fita idan an faɗi, farashin da za ka kwashe riba, da ranar da za ka fita ko me ake ciki. Ta huɗun ita ce mai wuya. Na taɓa shiga wani asusu mai ninki da niyyar kwana uku, na zauna wata biyu ina cewa gobe zai dawo. Ma'aunin ya dawo inda na same shi. Kuɗina bai dawo ba.

Ka duba kalanda kuma. Ranar da Nvidia ke fitar da rahoton ribarsa na wata uku, bayan an tashi kasuwa yake yi, haka ma yawancin manyan kamfanonin fasaha. Babban bankin Amurka yana zama sau takwas a shekara kan kuɗin ruwa. Kwana da asusu mai ninki a irin waɗannan darare caca ce tsagwaronta.

Mataki na bakwai: sanya oda

Kasuwar New York tana buɗewa 9:30 na safe, ta tashi 4:00 na yamma agogonsu. A agogon Najeriya da Nijar, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba 2:30 na rana ne zuwa 9:00 na dare, sauran watannin kuma 3:30 zuwa 10:00.

Rubuta alamar asusun, ka karanta cikakken sunan da ya fito. AIBU da AIBD harafi ɗaya ne ya raba su, kuma gabas da yamma suke tafiya. Za ka ga farashi biyu: tayin masu saye, da farashin da masu sayarwa suka sallama. Tazarar da ke tsakani ita ce asararka ta farko, tun kafin kasuwa ta motsa. Idan tayi 20.00 ne, sallama 20.10, rabin kashi ɗaya ya tafi a shiga da fita kawai.

Kada ka yi odar da ke cewa a saya a kowane farashi aka samu. Zaɓi wadda aka rubuta wa Limit, ka sa iyakar abin da za ka biya. In ba a sallama ba, ka bar shi, kamar yadda kake juya baya a kasuwa idan an ce albarka. Ka kuma bar mintuna goma sha biyar zuwa talatin na farko su wuce, lokacin tazara ta fi faɗi, farashi na ta tsalle-tsalle. Kada ka taɓa cin bashin dillali ka sayi asusu mai ninki. Bashi ne a kan bashi.

Da an cika odar, ka sa ta tsayar da asara a farashin da ka rubuta. Amma ka san iyakarta: tana aiki ne idan farashi ya gangaro a hankali. Idan kasuwa ta buɗe can ƙasa da iyakarka, kamar ranar DeepSeek, a farashin da aka buɗe za a sayar maka.

Mataki na takwas: tsaro da fita

Kullum bayan tashi kasuwa ka duba abu biyu: nawa ma'auni ya motsa, nawa asusunka ya motsa. Idan ka shiga da dala 200 ya zama 300, haɗarinka ya ƙaru da rabi ba tare da ka yanke shawarar hakan ba, sai ka sayar da rarar. Idan ya faɗi, kada ka ƙara saye don rage matsakaicin farashi. Dabarar nan tana iya yin aiki a kamfani mai ƙarfi da za a riƙe shekaru, amma a nan zuba ruwa ne a kwando.

Wata rana za ka iya buɗe manhaja ka ga farashi ya ninka sau goma, adadin hannayen jarinka kuma ya ragu sau goma. Ba riba ba ce. Kamfanin ne ya haɗe hannaye goma suka zama ɗaya saboda farashin ya yi ƙasa sosai. Asusun da tarihinsa ke cike da irin wannan haɗewa ya riga ya gaya maka inda masu riƙe shi suka ƙare.

Bayan ka sayar, tun daga watan Mayun 2024 kuɗin kan zauna a asusunka washegarin ranar aiki, sai kuma kwanakin da manhajar ke ɗauka kafin ta mayar da shi naira. Kafin ka rufe littafin, ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin cinikin: ranar shiga, ranar fita, abin da ka ci ko ka rasa bayan la'ada da tazara da canji, sannan a gefe abin da BOTZ ya yi a daidai waɗannan kwanaki. Ka tara irin wannan layi guda goma kafin ka ƙara ko dala ɗaya a kan adadin da ka fara da shi.